Tsohuwar tarakta a ƙasar Bune: a ɗinka mata riga daidai jikinta

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ya san kwarurukan Bune, a kudancin Gure cikin jahar Damagaram, ya san gaskiyar maganar a kan tarakta. Ƙasa ce ta tuddan rairayi, kowane kwari da dabinonsa da rogonsa da kanwarsa, amma kafin kaya su fito daga kwari su kai kwalta sai an ratsa yashin da ke kayar da babbar mota. Taraktoci ba su da yawa a yankin, galibinsu kuma sun tsufa, wasu ma sun girmi masu tuƙa su. Da damina su yi huɗa a inda ƙasa ta ɗan yi nauyi, da rani su ja remok.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya zuba kuɗin ritayarsa cikin irin wannan tarakta ya san ranar da ke jiransa. Inji ya fara ƙin tashi da asuba sai an tura, hayaƙi ya koma shuɗi, man inji yana raguwa kullum ba tare da an ga inda yake zuba ba, bututun numfashin inji yana huci kamar tukunya. Ranar nan makaniki zai ce sai an buɗe. Daga buɗewar kuma tambayoyi biyu ke fitowa, waɗanda su ke yanke ko kuɗin gyara zai dawo ko ya tafi ke nan: wace riga za a sa wa silinda, kuma wane faɗi za a ba ramin?

Mece ce rigar silinda?

A cikin inji akwai ramuka da fiston ke hawa da sauka a cikinsu, sau dubu da ɗaruruwa a minti guda. Su ake kira silinda. A jikin kowane fiston akwai zobban ƙarfe, waɗanda makanikan Nijar ke kira sagman, su ke toshe tsakanin fiston da bango domin kada iskar da aka matsa ta tsere, kada kuma mai ya hau sama ya ƙone. Shekara da shekaru zobban nan suna gugar bango, bango yana cinyewa. Domin kada a jefar da gidan inji gaba ɗaya saboda bangon da ya lalace, sai maƙeran injuna suka ƙirƙiro wani bututun ƙarfe da ake zurawa cikin ramin, shi ya ɗauki gugar, in ya ƙare a zare shi a sa sabo. Faransawa suka kira shi shamiz, wato riga. Ingilishi suka kira shi hannun riga, shi ya sa a kasuwannin Kano ake ce masa silif.

Rigar iri biyu ce. Akwai jiƙaƙƙiya, mai kaurin jiki, wadda ruwan sanyaya inji ke taɓa bayanta kai tsaye, da zobban roba a gindinta masu hana ruwa gangarawa cikin mai. Irinta ce a injunan John Deere da yawa, da kuma tsohuwar Ferguson TE20 da aka fara ƙerawa a Kobantiri ta Ingila a 1946. Akwai kuma busasshiya, siririya, wadda ake matsawa cikin ramin ta manne da gidan inji, ruwa ba ya taɓa ta. Ita ce a injunan Perkins da ke cikin Massey Ferguson.

Wasu injuna kuwa ba su da riga ko kaɗan. Taraktocin Ford na zuriyar 5000 fiston ɗinsu yana gudu ne a jikin gidan injin kansa, don haka in rami ya cinye sai a rarake shi a sa fiston mai ɗan girma. Injin Deutz 912, mai sanyaya da iska, kowace silinda tasa daban take kamar tulu mai fikafikai, faɗin raminta milimita 100, ana kwance ta ne a ɗora wata. Saboda haka abu na farko da mai tarakta zai sani, tun kafin ya buɗe jakarsa, shi ne wane iri ne nasa.

Lambar inji ta fi launin fenti

Yawancin tsofaffin taraktocin da ke kai-komo tsakanin Damagaram da arewacin Nijeriya jajaye ne, wato Massey Ferguson. Akwai kuma Fiat da aka riƙa harhaɗawa a Kano, da Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauci tun wajen ƙarshen shekarun 1970. Abin da ya raya jajayen shi ne injin Perkins. Kamfanin ya kafu a Ingila a 1932, Massey Ferguson ta saye shi a 1959, kuma an ba masana'antu a Pakistan da Indiya da Turkiyya izinin ƙera irin injunansa, shi ya sa kayan gyaransu suka wadata a kasuwannin Afirka.

To amma tarakta mai shekara arba'in ta wuce ta hannaye da yawa. Ba mamaki an taɓa sauya mata inji, ko an ɗora mata murfin wata. Lambar da ke jikin murfi ba hujja ba ce. Hujja ita ce lambar da aka buga a jikin gidan inji. A tsarin Perkins, haruffan farko su ke faɗin zuriya: CE na nufin inji mai silinda 3 da ake kira D3.152, irin na MF 135 da aka fara ƙerawa a 1964, faɗin raminsa milimita 91,44. LD na nufin 4.236, mai silinda 4, faɗin rami milimita 98,43. LF kuwa 4.248 ne, faɗin raminsa ya kusa milimita 101. Na biyu da na uku kamar tagwaye suke a ido, alhali tsakaninsu akwai milimita biyu da rabi. Wanda ya yi tafiyar kwana biyu zuwa Kano ya sayo rigar LD alhali injinsa LF ne, ya sayo baƙin ciki da kuɗinsa.

Ko a cikin zuriya guda akwai bambanci. Wata rigar tana da leɓe a samanta wanda ke zama cikin gurbin da aka sassaƙa mata, wata ba ta da shi. Wasu injunan farko sun fito da siraran riguna masu shafen kurom a ciki, na baya suka fito da na baƙin ƙarfe. A nan akwai ƙa'ida da kowane yaron gareji ya kamata ya haddace: ba a haɗa sagman mai kurom da riga mai kurom. Mai tauri biyu ba sa kwanciya da juna, sai su yi ta karce juna har inji ya koma shan mai. Dabarar da ta fi ita ce a tafi kasuwa da tsohuwar riga da tsohon fiston a hannu, da lambar inji rubuce a takarda.

Awo kafin ciniki

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Makaniki da yawa sukan zura farce a bakin rami, in suka ji wata ƴar gaɓa a sama, inda sagman na farko ke tsayawa ya juya, su ce riga ta ƙare. Farce yana nuna akwai ciwo, ba ya faɗin zurfinsa. Rami ba ya cinyewa bai ɗaya: sama ta fi ƙasa ci, domin can zafi da matsi da ƙura suka fi yawa, kuma gefen da fiston ke jingina ya fi ɗaya gefen ci, har ramin ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Don haka ake aunawa da ma'aunin agogo a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, kowane wuri kuma ta fuska biyu. A irin waɗannan injuna, in cin ya kai wajen kashi 2 cikin 10 na milimita, wato kaurin gashin kai biyu ko uku, riga ta gama aikinta, sabon sagman ba zai cece ta ba.

Awo na biyu, wanda aka fi mantawa, shi ne na ramin gidan inji bayan an zare tsohuwar riga. Busasshiyar riga siririya ce, tana bin siffar gidan da aka sa ta. In gidan ya karkace saboda inji ya taɓa tafasa, sabuwar riga ma za ta karkace. In ya yi mata yawa, zafi ba zai ratsa daga riga zuwa ruwa yadda ya kamata ba, fiston ya kumbura ya kama. Maganin wannan akwai shi: rigar da aka ƙara wa kauri ta waje, a rarake gidan inji kaɗan a matsa ta, cikinta kuwa ya tsaya a faɗinsa na asali.

Akwai kuma tarkon harshe. Makanikin Damagaram yana awo da milimita, ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano yana magana da inci. A kan fiston akan buga STD, wato girman asali, ko 020, 030, 040. Waɗannan lambobi kashi ne cikin dubu na inci, kuma sun yi daidai da kusan milimita 0,50 da 0,75 da 1,00. Dubawa a kan tsohon fiston, bayan an kankare baƙin da ke kansa, ita ke nuna ko wani ya riga ya rarake injin a baya.

Kwaɗayin faɗaɗa rami

A nan ne gardama ke tashi a gareji. Mai tarakta ya ga tuddan da ke tsakanin kwari da kwalta, ya tuna yadda take nishi da remok cike da kanwa, sai ya ce wa makaniki: tun da an riga an buɗe, maigida, a faɗaɗa ramin ta ƙara ƙarfi. Maganar tana da daɗin ji, to amma lissafi bai goyi bayanta ba.

A ɗauki injin MF 135. Silinda 3, faɗin rami milimita 91,44, tafiyar fiston milimita 127, cikinsa duka lita 2,5, ƙarfinsa wajen doki 45. In aka ƙara rabin milimita a faɗin kowane rami, cikin inji zai ƙaru da kashi 1 cikin 100 da ɗan ɗoriya. Ko da a ce ƙarfi ya bi wannan ƙari sau da ƙafa, abin da aka samu rabin doki ne. Ko tsakanin 4.236 da 4.248, inda kamfani da kansa ya faɗaɗa rami da milimita biyu da rabi, cikin inji ya tashi ne daga lita 3,86 zuwa wajen 4,06, kashi 5 cikin 100 ke nan, kuma kamfanin ya daidaita fiston da fanfon gazuwal da wannan sabon girma. Domin kuwa a injin gazuwal, ƙarfi yana bin yawan man da fanfo ya fesa da iskar da ta samu shiga ta ƙone shi. Rami ya faɗaɗa, fanfo yana nan yadda yake, tarakta ba ta ƙara komai ba.

Abin da aka yi hasara kuwa a fili yake. Bango ya ƙara sirancewa. Tazarar da ke tsakanin rami da rami, inda juwan kulas ke zama, ta ragu. Kuma an fita daga girman STD, wanda ke kan kantar kowane mai sayar da kayan Perkins, an shiga girman da sai an yi cigiya. Ƙarfin da mai tarakta yake tunawa, na lokacin da ya saye ta, bai tafi ko'ina ba. Matsi ne ya zube ta bangon da ya cinye. Sabuwar riga a girman asali, da kulas da aka gyara bawul ɗinsa, da allurai da fanfon da aka daidaita, su ke dawo da shi.

Gaskiya ne a Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin taraktoci don sha'awa, suna sa musu manyan riguna su kai su gasar ja ko baje koli. Injin fetur na Ferguson TE20 ma ya fara ne da rami mai milimita 80, daga baya kamfani ya mayar da shi 85. Amma taraktar sha'awa tana aiki ƴan kwanaki a shekara, in ta fashe mai ita ya yi hasarar nishaɗi. Ta Bune in ta fashe cikin Yuli, damina ba ta jira. Gonakin da aka karɓi kuɗin huɗarsu suna nan, masu su kuma sun san ƙofar gida.

Faɗaɗa rami yana da wurinsa: injin da ba shi da riga, irin na Ford. Shi ma ƙa'idarsa a tsaya a mataki mafi ƙanƙanta da zai share cin. In 020 ya isa, ba a tsallaka zuwa 040, domin kowane mataki da aka bari rai guda ne aka ajiye wa injin. Kuma fiston ake fara saye a kai wa mai rarakewa ya yi aiki a kansa, ba a rarake sannan a shiga neman fiston ba.

Gamammiya ko mai saura?

Busassun riguna suna zuwa kasuwa kashi biyu, kuma nan ne nisan Bune ke shiga lissafi. Akwai gamammiya, wadda aka riga aka goge cikinta a masana'anta. Ana zura ta da ɗan matsi, a ɗora fiston, aiki ya ƙare. Makaniki mai hankali da abin zarewa na zare da goro zai iya sa ta a ƙarƙashin rumfa. Akwai kuma mai saura, wadda aka bar wa nama a ciki. Ana matsa ta da ƙarfin injin matsi, sannan a rarake ta a goge ta tana cikin gidan inji. Wannan sai an sauke inji gaba ɗaya an kai shi inda ake da injunan aikin, a birane irin su Damagaram ko Maraɗi ko Kano. Daga Gure kawai zuwa Damagaram tafiyar wajen kilomita 160 ce a kan babbar hanya, ban da yashin da ke gabanta.

Awo ne ke raba gardama. In ramin gidan inji yana nan daidai, gamammiya ta wadatar, ta kuma tsare kuɗin mota da kwanakin jira. In ya karkace, mai saura ce kaɗai za ta ba da rami madaidaici, kuma kuɗin motar da aka ƙi biya yau za a biya shi ninki biyu baɗi. Babban kuskure shi ne a sayi mai saura bisa rashin sani, don ta fi araha a kanta, a sa ta a ƙauye, sannan a tarar fiston ya ƙi shiga. Kowace iri ce kuma, ba a buga ta da guduma. A wanke gurbinta tas, a sanyaya ta cikin ƙanƙara in da hali domin ta ɗan tsuke, a shigar da ita a miƙe. Bayan haka a auna yadda leɓenta ya zauna da fuskar gidan inji, da yadda kan fiston ke tsayawa in ya kai ƙololuwa, domin a injin Perkins wannan tsayi yana cikin abin da ke ba da matsi.

Kasuwa da iyaka

Ƴan kasuwa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi, farashin duk abin da ke zuwa daga Turai ya yi tsalle. Tun daga nan fatake suka ƙara karkata ga kasuwannin Nijeriya da kayan Asiya. To amma wannan hanya ma tana rufewa: Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe iyakar da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Darasin da ke ciki ga mai tarakta shi ne, injin da ya tsaya a girman asali ya fi samun kaya a ranar tsanani, ko a Damagaram ko a wurin wani makwabci.

Araha kuwa ba ta ado. Riga da fiston da sagman da fil ɗin fiston a saye su jeri guda daga masana'anta guda, domin an auna su ne da juna. A sauya na dukkan silinda lokaci guda. Sabuwar riga ɗaya a tsakanin tsofaffi biyu tana sa inji ɗingishi. Kwali mai kyan zane ba shaida ba ne, a buɗe a auna a gaban mai kanti.

Kanwa da ƙura

Ko an zaɓi riga mafi kyau, abokan gaba biyu na jiran ta a Bune. Na farko ruwa. Ruwan kwaruruka da yawa yana ɗauke da kanwa da gishiri. In aka riƙa zuba shi a radiyata yana tafasa yana ƙafewa, sai ya bar ɓawo a hanyoyin ruwa, ɓawon ya hana zafi fita. A injin mai jiƙaƙƙiyar riga abin ya fi muni, domin girgizar riga tana haifar da ƴan kumfa masu fashewa a bayanta, suna cizon ƙarfe har su huda shi, ruwa ya gauraya da mai. Ruwan sama da aka tara cikin tsabtataccen mazubi, haɗe da maganin radiyata mai hana tsatsa, ya fi ruwan kwari nesa ba kusa ba. Ranar da aka buɗe inji kuma ita ce ranar wanke hanyoyin ruwansa da radiyatarsa.

Na biyu ƙura. Yashin da iskar hunturu ke ɗauka ya fi ƙarfen riga tauri. In ya shiga ya haɗu da mai sai ya zama dutsen wasa. Tsofaffin taraktoci da yawa suna da matatar iska mai kwanon mai a gindi, wadda ta dace da wannan ƙasa matuƙar ana duba kwanon kowace safiya a lokacin ƙura. Ƴar tsaga a robar da ke tsakanin matata da inji ta isa ta cinye sabuwar riga cikin rani guda.

Saura horon sabon inji. Mutane da yawa sukan bar shi yana kaɗawa a tsaye yini guda wai don ya saba. Wannan yana sa bangon riga ya yi santsi kamar madubi tun sagman bai kwanta ba, inji ya taso da shan mai tun yana jariri. Abin da yake so shi ne aiki matsakaici, da kaya amma ba a ƙure shi ba, sannan a zubar da man farko da matatarsa bayan wajen awa 50, a sake duba ɗaurin kulas da tazarar bawul.

Lokacin wannan aiki duka shi ne bayan kaka, sa'ad da kuɗi ke hannu kuma gonaki ba sa jiran kowa, ba watan Yuni da hadari ya fara haɗuwa a gabas ba. Mai tarakta ya kwafi lambar inji, ya tsaya a kan makaniki har a yi awo a rubuta masa a takarda, sannan ya kama hanyar kasuwa da tsohuwar riga a cikin jaka. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya ba da damina mai albarka.